Asabar, 22 ga Mayu 2021: na je kallon Mona Lisa, wata tasa ta riƙe ni

Tun ran Laraba da aka buɗe gidajen tarihi a Faransa nake ta jan ƙafa, sai yau na fita. Louvre, babban gidan tarihin nan na Paris, ya shafe sama da wata shida a rufe saboda annobar korona, tun ƙarshen Oktoba, ni kuma na shafe su a ɗan ɗakina ina kallon bango da kwamfuta. Ko Sallar da ta wuce kwana tara da suka gabata, ni kaɗai na ci tuwona. Na sayi tikiti ta intanet, Yuro 17, aka ba ni ƙarfe goma na safe, don yanzu ba a shiga sai da lokacin da aka yanka maka.

Na sauka a tashar Palais Royal, na nufi dalar gilashin nan da ke tsakar gidan. Wurin da a da ake layi kamar na shan mai, yau tattabaru sun fi mutane yawa. A 2019 mutum miliyan 9.6 suka shigo gidan nan. Yau kuwa har ƙarar takalmina nake ji. Mai gadi ya nuna mini man wanke hannu, ya kuma yi mini alama in ja takunkumi ya rufe hanci. Daga nan fa tabarauna ya fara hazo, haka na wuni ina gogewa da bakin riga.

Mona Lisa, shahararren zanen nan na wata mace, na fara nema, kamar kowa. An manna alamu a ƙasa, kowa ya tsaya nesa da ɗan'uwansa, bai fi minti biyar ba na isa gabanta. Gaskiya ta ba ni mamaki da ƙanƙanta. Tsawonta santimita 77 ne kawai, a kan allon katako, bayan gilashi mai kauri. Na kalle ta, ta kalle ni, na juya. Abin da ke bayana ne ya cika mini ido: zanen bikin aure na Kana da mai zane Veronese ya yi, faɗinsa kusan mita goma, mutane sun fi ɗari a ciki, ga makaɗa a tsakiya, ga karnuka a gabansu. Sojojin Napoleon ne suka kwaso shi daga Venice a 1797, har yau bai koma ba. Na daɗe ina kallon cincirindon nan, ba takunkumi, kafaɗa da kafaɗa, ana ci ana sha. Rabona da taro irin wannan tun bikin ƙanwata a Damagaram.

Sai na gangara ɓangaren fasahar Musulunci, ƙarƙashin wani rufi mai kama da mayafin zinare da iska ta kaɗa. Nan na tarar da wata tasa. Ta farin ƙarfe ce babba, an yi mata ado da azurfa da zinare, aikin zamanin daular Mamluk daga Masar ko Sham, ƙarni na 14. Ga mahaya dawakai, ga maharba, ga namun daji a jere, a gindinta ta ciki kuma kifaye. Na sunkuya har goshina ya kusa taɓa gilashi, ina neman rubutun maƙerin, na kuwa same shi ɗan mitsitsi: aikin malam Muhammad ibn al-Zain. Sau shida ya sa sunansa a jikinta, kamar ya san za ta yi nisa da gida. Kuma ta yi, don a cikinta aka riƙa yi wa 'ya'yan sarakunan Faransa baftisma. Wajen rabin awa na yi ina zagaya ta, babu wanda ya ce in matsa.

Da na fito na zauna a lambun Tuileries, na kira Inna, na tura mata hoton. Ta yi shiru tana kallo, sannan ta ce, "Yanzu kuɗi ka biya ka kalli tasa? Ga nawa nan a jere, ba ka taɓa ɗaga kai ka dube su ba." Na ce, "Inna, wannan ta kusa shekara ɗari bakwai." Ta ce to a gaishe ta, in kuma tashi in kama hanya kafin dokar hana fita ta ƙarfe tara ta ritsa da ni.