Shida na dasa, biyu suka rayu

Sunan ne ya yaudare ni, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. Turawan Ostireliya suna kiran Acacia cognata da suna biyu, ɗaya daga ciki ma'anarsa akashiyar bakin kogi. Da na ji kogi sai na ce shi ke nan, wannan shuka ce mai son ruwa, kuma ruwa ba zai gagare ni ba.

A ƙofar gidajen unguwarmu da ke yammacin Melbourne na fara ganinta. Gajeren irin ne da ake kira Limelight, tsayinsa ba ya wuce mita 1, rassansa sun zubo ƙasa ta ko'ina kamar gashin da aka tsefe ba a kitsa ba. Kore ne mai haske, iska kaɗan ta kaɗa sai duk jikinsa ya motsa. Ni da na tashi ina cire ƙayar bagaruwa a tafin ƙafa, da aka ce mini wannan dangin su bagaruwa ne sai na sa hannu ina lalube a hankali. Ko ƙaya ɗaya babu. Ganyen ma, siriri mai ɗan danƙo, ashe ba ganye ba ne na gaskiya. Sandar ganyen ce ta baje tana yin aikinsa. Wani abin dariya, sunan Acacia ɗin ma tasu ta Ostireliya aka bar wa: a taron masana tsirrai da aka yi a nan Melbourne a 2011 aka tabbatar da haka, bagaruwarmu ta koma Vachellia.

Na sayo guda 6 na jera a bakin hanyar shiga gida. Ƙasar wannan yanki baƙar laka ce mai nauyi, irin wadda ke maƙale wa takalmi da damina, ta tsattsage da rani. Na haƙa ramuka masu zurfi, na cika su da lallausar ƙasa da takin gargajiya, ina jin na yi musu gata. Abin da na gina a zahiri randa ce guda shida. Ruwa ya shiga lallausar ƙasar, lakar da ke kewaye ta hana shi fita, saiwa ta zauna a ciki tsundum.

Da zafin Janairu ya kama, don a nan lokacin ne ake tsananin zafi, ganyen ya fara komawa ruwan ɗorawa yana zuba. Nan ne na yi babbar wautar. Na ce ƙishi ne. Da safe ban ruwa, da yamma in na dawo aiki ban ruwa. Uwargida ta leƙo wata rana ta ce, "Maigida, anya ruwan nan bai yi yawa ba? Ƙasar fa ba ta bushewa." Na ce mata ai 'yar bakin kogi ce. Ta yi shiru ta koma ciki, kuma wannan shirun nata har yanzu ina jin sa.

Kafin ƙarshen Fabrairu huɗu sun bushe ƙayau. Wani dattijo maƙwabcinmu ya kama ɗaya ya ja, ta fito ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe, tana wari, ƙasan ramin kuma ruwa ne kwance. Bai ce komai ba sai da ya nuna mini nasa. Duk a kan ɗan tudu ya dasa su, kamar yadda muke yin kunyar dankali, kuma ya ce in sun kama ƙasa da wuya yake ba su ruwa. Shukar da ruwa ya shaƙe da wadda ƙishi ya kama, kamanninsu ɗaya ne daga sama. Yatsa kawai zan tura cikin ƙasa in gane, ban yi ba.

Sai da muka yi tafiya gabashin jihar Victoria, yankin East Gippsland, na ga inda asalinta yake. Daga can ta miƙe ta bi gaɓar kudancin New South Wales har wajen garin Nowra. A can ba gajeruwa ba ce, akwai masu kai mita 10, tsaye a ƙarƙashin dogayen itatuwan turare, rassa na lilo. Tsakanin Yuli da Oktoba take fure, 'yan ƙulle-ƙulle masu launin ɗorawa mara kauri. Na sauka na duƙa na damƙi ƙasar wurin. Rairayi ne da ɓurɓushin dutse, a jikin gangare da kwazazzabai. Akwai laima, akwai inuwa, amma ruwa wucewa yake yi. Kogin da ke cikin sunan ke nan, ruwa mai tafiya. Ni kuwa kududdufi na yi mata.

Biyun da suka tsira, a ƙarshen layi suke inda ƙasar ta ɗan gangara, sa'a ce kawai ta cece su. Na tone su a watan Afrilu da zafi ya sauka, na mayar cikin manyan tukwane masu huji a gindi, na ajiye inda ranar safe ke samunsu amma iskar arewa mai zafi ba ta dukansu kai tsaye. Taki kaɗan nake sa musu, irin wanda ake sayarwa don tsirran ƙasar, tunda saiwarsu da kanta tana samar wa ƙasa abinci kamar yadda wake ke yi. Yanzu rassan sun sauko sun rufe tukwanen gaba ɗaya.

Ramuka huɗun nan ban cike su da komai ba tukuna. Uwargida ta ce a dasa wani abu daban, ni kuma na yi odar rairayi da tsakuwa, don tudu zan ɗaga in sake gwadawa.