Renon tumatir da attaruhu a ledar fiya wata

Ni dai tunda kayan miya suka fara fin ƙarfin aljihuna na koma renon tumatir da attaruhu a bayan ɗaki, kuma ba wani kaya na siya ba, ledar fiya wata ce da yara ke yarwa, in yanke bakinta in huhhuda gindin da ƙusa don ruwa ya dinga tsiyayewa. Ƙasar kuma rairayi nake cakuɗawa da tsohon kashin awaki wanda ya riga ya zama gari. Ɗanyen kashin kaji kam kar ma a fara, ƙone tsiron yake.

Ƙwaya biyu ko uku nake sawa a kowace leda, sama-sama, in sun fito in bar mai ƙarfin. Tumatir kusan sati guda ya leƙo, shi kuwa attaruhu har sai ka fara zargin mai irin ya cuce ka, yana iya kai sati 2 zuwa 3 balle in sanyi ya kankama, shi ya sa nake zubawa tun Oktoba kafin hunturu ya sauko sosai. Ruwa yayyafi kawai, in ya yi yawa gindin tsiron ya sirance ya kwanta shikenan. Ƙadangaru kuwa wallahi sun fi kaji ɓarna, tsohon gidan sauro nake rufa wa tsiron.

A wajen dashe ne ledar take biyana. Masu reno a bedi, wato fangalin ƙasa, tumɓuke tsiron suke saiwa ta tsintsinke, ni kuwa yaga ledar kawai nake in ɗauko shi da ƙasarsa dunƙule, bai ma san an taɓa shi ba. Ba na dasa shi sai ya yi sati 4 zuwa 5 da ganye huɗu ko biyar, kuma saura kamar sati nake rage mai ruwa ina fito da shi rana kaɗan-kaɗan ya saba. Bayan la'asar nake dasawa, tazarar kamar santimita 50, in ba shi ruwa nan take. Tumatir ina binne shi har kusa da ganyen ƙasa don karansa ma saiwa yake fitarwa, attaruhu kuma iya inda ƙasar leda ta tsaya.

Karas da kuɓewa fa ban da su a wannan harkar, ba sa son dashe, inda za su zauna nan ake shuka su.