Su a Bahar Azrak da Bahar Maliya kafin damina ta sauka

Daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, lokacin da kowa a Sudan yake neman inuwa yana jiran yayyafin farko da ake kira rushash, a nan ne na fi son fita su. Ni ba masunci ba ne, tela ne, da keken ɗinki nake ciyar da gidana. Su sha'awa ce da na gado a dangin mahaifiyata a Mai Wurno. Na yi shi a ruwan daɗi tun ina yaro, na kuma koyi na ruwan gishiri da girmana, bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tura mu Bur Sudan, garin da ke bakin Bahar Maliya. Ruwan nan biyu kusan ba abin da ya haɗa su, sai dai a wannan tsakani na shekara kifi yakan taru wuri guda a kowannensu, ya yi sauƙin kamu. Wannan sauƙin shi ke kawo daɗin fitar, shi ne kuma ya sa nake ganin mai su don nishaɗi ya fi kowa bukatar sanin inda zai tsaya.

Mai Wurno tana bakin Bahar Azrak, reshen Nilu da ke gangarowa daga tafkin Tana na ƙasar Habasha, kudu da Sinnar kaɗan. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, shi ya kafa ta da jama'ar da suka biyo shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Cikin waɗanda suka yi wannan hijira da waɗanda suka biyo hanyar hajji daga baya akwai masu sana'ar ruwa, shi ya sa har yau in ka bi gaɓar kogin za ka ji ana kiran kayan kamun kifi irin su birgi da mamari da kalli da bakin Hausa. Madatsar Sinnar da aka gama a 1925 domin noman audugar Jazira ita ke juya rayuwar kifin wannan yanki. Ana tara ruwa bayan ambaliya, a yi ta sakinsa cikin rani, to kafin Mayu ta ƙare ruwan ya ja baya ƙwarai. Tsibiran yashi su fito, duwatsun ƙasan madatsa su bayyana, kifi ya koma cikin gurabe masu zurfi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe hannuna a wannan ruwa. Da asuba muke fita, a yi salla a bakin gaɓa, kafin gari ya gama wayewa an jefa fatsa. Abin da ya fara koya mini shi ne kowane kifi da abincinsa da kuma wurin zamansa. Karfasa, wadda Larabawan nan ke kira bulti, tana bakin ciyawa inda ruwa bai kai ƙugu ba, tana cin tana ko ɗan ƙullun dawa, kuma ƙaramar ƙugiya take so domin bakinta ƙarami ne. Tarwaɗa da ƙurungu suna ƙasa cikin laka, hanjin kaza ma ya ishe su. Tsage yana inda ruwa ke gudu, haƙoransa kuwa suna datse zaren roba nan take, sai an ɗaura ɗan siririn waya tsakanin zare da ƙugiya. Giwan ruwa shi ne babban buri. Yana laɓewa a gindin dutse, ba ya kula mataccen abu sosai, sai ka soka ƙaramar karfasa mai rai ta gadon baya ka bar ta tana yawo. Wannan kifi yana iya haura kilo 100, ko da yake irin waɗannan sun yi wuya yanzu, kuma wanda ni na saba gani bai wuce tsawon hannu ba.

Kamun giwan ruwa aikin haƙuri ne. Idan ya ɗauka, ba a fizga. Kawu yakan ce, "Ɗan nan, sakar masa, bar shi ya haɗiye." Ka saki zare ya tafi da shi, sannan ka ɗaure hannu. Daga nan sai ja-in-ja: ya ja ka ba shi, ya huta ka karɓo. Yakan yi tsalle sama ya buɗe baki yana girgiza kai don ya tofar da ƙugiya, kuma a wannan lokacin ne yawancin mutane ke rasa shi, domin zaren ya yi sako-sako. Idan ya iso gaba, ba a sa yatsa a marfin kunnensa, yana da kaifi.

Sauran haɗurran kogin sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Ƙayar ƙurungu tana kafewa idan ya miƙe ta, a karya ta kafin a jefa shi cikin buhu. Minjirya tana jan mutum ko ta jiƙaƙƙen zare ne. Kwantaccen ruwan magudanan gonaki yana ɗauke da tsargiya, saboda haka ba ma tsayawa a cikinsa, kuma ba ma barin yara su yi wanka a wurin. Akwai kada a wasu gurabe, masuntan wurin sun san su, tambayarsu ake yi kafin a shiga. Sai habub, guguwar ƙurar nan da ke tasowa da la'asar a wannan watanni. Da ka hango jan bango ya tokare sama, naɗe zare ka fito da kwalekwale, ba a jira a ga ƙarfinta.

Abin da ya fi zauna mini a rai daga wajen Kawu shi ne yadda yake yi da karfasa. A wannan lokaci, idan ka duba yashin da ke ƙarƙashin ruwa marar zurfi, za ka ga ramuka zagayayyu. Namijin ne ke haƙa su. Macen ta zuba ƙwai, ta kwashe shi a bakinta, ta riƙe har ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan ma in sun tsorata bakinta suke komawa. Duk karfasar da Kawu ya ga maƙogwaronta ya kumbura, sai ya buɗe bakin a hankali ya leƙa. In ya ga ƙwai, ya mayar da ita ruwa. Wata rana da kamu ya yi ƙaranci na ce masa, "Kawu, ko wannan ɗaya mu tafi da ita?" Ya ce, "Abincin darenmu yana gida ko mun kama ko ba mu kama ba. Wancan mai kallin shi ne ba shi da zaɓi." Yana nufin masuncin da ke can gefe yana zare kifi daga raga. Tun daga ranar na fahimci cewa mu da masunta ba matsayinmu ɗaya ba a bakin ruwa, kuma abin da za a yi wa mai neman abinci uzuri a kansa, ba lalle a yi mana ba.

Kogin ma ya sauya. Tun da Habasha ta fara tara ruwa a babbar madatsarta a 2020, lakar da ke saukowa ta ragu, kuma hawa da saukar ruwan ba su bin tsohon lissafin da dattawa suka haddace. Da can, da ruwa ya fara yin ja a ƙarshen Yuni, kowa ya san ambaliya ta taso, tarwaɗa za ta bi sabon ruwa ta shiga fadama ta yi ƙwai, su na fatsa ya ƙare sai kaka. A fitata ta ƙarshe kafin yaƙi, Kawu da kansa tambayar masu aikin madatsa yake yi yaushe za a buɗe ƙofofi.

A Bur Sudan na tarar da wani ruwa dabam. Garin an kafa shi a 1905 ya maye gurbin Sawakin, tsohuwar tashar da kakanninmu ke tsallakawa zuwa Jidda. Babu kogi ko ɗaya da ke zuba cikin Bahar Maliya duk shekara, rana kuma tana ƙafar da shi, shi ya sa gishirinsa ya kai kusan kashi 40 cikin 1,000, alhali na manyan tekuna kusan 35 ne. Ƙugiyar da ka bari ba ka wanke da ruwan daɗi ba, kafin mako ta yi tsatsa. Rashin laka ya sa ruwan garau yake, kana cikin jirgi kana kallon duwatsun murjani da kifi a ƙasa. Kifi na ganinka, mai jar koma: a nan maganar ba karin magana ba ce kawai, in zarenka ya yi kauri a ruwa marar zurfi, kifin da ake kira sha'ur zai zo ya shinshina ya wuce.

Wani dattijo ɗan ƙabilar Bija, maƙwabcin shagon da nake ɗinki, shi ya yarda in riƙa bin jirginsa ranar da ba ni da aiki. Rayyis nake ce masa kamar yadda kowa ke ce wa mai jirgi, shi kuma ya ce mini usta saboda sana'ata. Kafin a fita sai ya kai sunayenmu wurin jami'an tsaron gaɓa, domin ba a shiga teku haka kawai. Muna shan jabana, wato gahawa mai citta, cikin duhu, a loda ƙanƙara da jarkokin ruwan sha fiye da yadda kake zaton za a bukata, a tashi. Zafin Yuni a nan ba irin na Sinnar ba ne, jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa. Iskar arewa kuma takan ƙarfafa idan rana ta ɗaga, saboda haka duk sun da za a yi, a yi shi da sanyin safiya.

Ba su amfani da sanda, zare ne a hannu, a naɗa tsumma ko robar taya a yatsa. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta dutse. Maimakon dalma, Rayyis yakan ɗora yankan sardin a kan ɗan dutse, ya naɗe da zaren, ya yi ɗaurin zarge. Idan dutsen ya kai zurfin da yake so, ya fizga sau ɗaya, dutsen ya faɗi, gutsattsarin sardin ya watsu, mai ƙugiyar ya rage yana lilo a tsakiyarsu.

A nan ne hannun da kogi ya horar yake bukatar sabon karatu. Giwan ruwa ana sakar masa zare, amma najil da gushar, kifayen murjani, ba a ba su ko taƙi ɗaya. Suna zaune a bakin ramin murjani, da sun cafke sai su juya ciki su buɗe marfin kunne su tokare, murjanin kuma ya yanke zaren. Rayyis yakan yi tsawa, "Ja, ya usta, ja!" Duk kokawar a 'yan daƙiƙun farko take, in ka raba shi da dutse ka gama. Ba kowane abin da ya hau ƙugiya ake cafka da hannu ba. Ƙayar kifin da ake kira sijan tana da dafi, haka kifin nan mai kama da dutse da ke kwance a ruwa marar zurfi, wanda saboda shi ba a taka murjani ba takalmi. In ƙaya ta soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, a nufi asibiti.

Ƙarshen bazara shi ne lokacin najil. Kifi ne ja ko ruwan ƙasa mai ɗigo-ɗigon shuɗi, kuma shi ya fi kowane tsada a kasuwar Sigala. A sauran watanni ɗai-ɗai ake samunsa, amma yanzu yakan taru a wasu sanannun bakin murjani domin yin ƙwai, wuraren da masunta suka gada daga iyayensu. Ranar da Rayyis ya kai ni irin wannan wuri, kusan duk jefawa sai an ɗauka. Da muka fasa cikin na farkon da muka kama, cike yake da ƙwai. Yawancin dangin gushar, da najil ke cikinsu, suna fara rayuwa a mata ne, sai sun girma wasu su juye maza, kuma girman nasu a hankali yake. Idan aka kwashe manya a wurin taruwa, an taɓa zuriyar shekaru masu zuwa gaba ɗaya. Saboda irin wannan dukiya ne aka killace tekun Sanganib da Dungunab da tsibirin Mukawwar, har UNESCO ta sa su cikin wuraren gadon duniya a 2016.

Na so in yi irin ta Kawu, in riƙa mayar da masu ƙwai, sai Rayyis ya nuna mini dalilin da ya sa hakan ba ya yiwuwa a ruwa mai zurfi. Kifin da aka jawo da sauri daga ƙasa, iskar da ke cikin jakar cikinsa takan kumbura, idanu su firfito, wani lokaci tumbi ya leƙo ta baki. In ka sake shi, yawo zai yi a saman ruwa har tsuntsu ko kifin ƙarshi, wato shak, ya ɗauke. A kogi kana iya kamawa ka duba ka saki. A kan murjani mai zurfi, sai dai ka daina jefawa. Don haka muka yi yarjejeniya da shi: ranar da ya fita neman na kasuwa ba na binsa, wannan sana'arsa ce da shi da 'ya'yansa. Ranar da muka fita tare kuwa, da an sami abin da zai ishi gidana da nasa, sai a ɗaga anga a bar wurin.

Daga nan mukan koma ruwa marar zurfi mu nemi sha'ur, wanda in ƙarami ne ana iya sakinsa ya tafi lafiya. A hanyar dawowa mu saki dogon zare a bayan jirgi da ɗan ƙarfe mai walƙiya, ko kifin derak ko agam zai biyo. Kifin da ya hau, a yanka shi a zubar da jini a tura cikin ƙanƙara nan take, domin a zafin nan sa'a guda a buɗe ta isa ta lalata shi. Kafin azahar mun sauka.

Najil gashi ya fi dacewa da shi, da gishiri da lemun tsami da shatta mai dakwa, wato barkono da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, naman fari ne mai ɓarewa fala-fala. Kawu, da shi ma ya zo Bur Sudan da iyalinsa, ya ci ya yaba, amma ya ce ba za a haɗa shi da kan ragon ruwa a miyar kuɓewa da asida ba. A batun miya ina bayansa, domin kifin teku ba shi da kitsen da ke kama miya. Kai da ƙashin najil dai matata takan dafa su da albasa da tumatir da kamun, romon ya zama abin da yara ke fara miƙa kwano a kansa.