Azumina da na tsuntsun ƙanƙara

A azumin 2024 a Jidda na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta bugun zuciyata kullum. Abin da ya jawo haka kuwa labarin fengwin ne, tsuntsun nan na Antaktika mai tafiya a tsaye kamar dattijo cikin babbar riga. A mafi girman jinsinsu, mace kan saka ƙwai ɗaya ta miƙa wa namiji ta wuce teku. Shi sai ya ɗora ƙwan bisa ƙafafunsa, ya lulluɓe shi da fatar ciki, ya yi kwana kamar 65 a haka. In an haɗa da lokacin neman mata, yakan yi kusan wata huɗu bai sa komai a cikinsa ba sai ƙanƙara, nauyinsa ya faɗo daga kusan kilo 40 zuwa 20 da ɗoriya.

Masana a Faransa, irin su Yvon Le Maho, sun raba wannan yunwa mataki uku. Na farko gajere ne. A na biyu, mai tsawon, jiki yana cin kitse yana tattalin tsoka, yana rage ƙona abinci, kuma a wani jinsin fengwin da aka auna a tsibiran Crozet na kudancin Tekun Indiya an ga bugun zuciya yana sauka. Na uku shi ne sa'ad da kitse ya kusa ƙarewa, jiki ya koma cin namansa, tsuntsu ya bar ƙwai ya nufi ruwa.

Ni duk zatona tawa zuciyar ma za ta lafa. Ina! Bayan sahur nakan samu bugu 70 da 'yan kai a minti ɗaya, amma da la'asar, na dawo daga kasuwar Balad cikin rana, sai in ga ta haura 90. Makon farko ma asara ce, don wata rana a zaune nake aunawa, wata rana ina hakin hawa bene, sau ɗaya har bayan na sha gahawa. Sai da na tsayar da lokaci ɗaya, in zauna minti biyar, in sa yatsu biyu a wuyan hannu, sannan lissafin ya fara ma'ana.

Da na zauna na duba, ashe ƙishi nake aunawa ba yunwa ba. Ruwa ya ragu a jini dole zuciya ta ƙara sauri. Fengwin yana cikin sanyi, sun cure wuri ɗaya ba motsin kirki, ga ƙanƙara yana tsattsaga. Ni kuwa awa 13 zuwa 14 ne, ko matakin farko ban gama ba an kira magariba.

Innata ta leƙo ta same ni riƙe da hannu ina kallon agogo.

"Kai yaro, lafiya?"

Na ba ta labarin tsuntsun. Ta ce, "Wata huɗu! To shi wa yake dama masa kunun buɗa baki?" Ta ajiye mini dabino uku a kan littafin ta fita.