Ranar Uwa a Alƙahira, a gidan ɗan fari

A Masar ranar 21 ga watan Maris ce ranar uwa, kuma ba sabon abu ba ne a wurinsu, domin tun a shekarar 1956 suka fara bikinta, zamanin mulkin Jamal Abdul Nasir. 'Yan jarida ne suka kawo shawarar, wato tagwayen nan Mustafa Amin da Ali Amin, waɗanda suka kafa jaridar Akhbar al-Yom a 1944. Ana ba da labarin cewa wata mata ce ta kai kukanta wurin Mustafa, ta ce mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya ƙanana, ta ƙi yin wani aure har suka girma suka yi karatu, amma da kowa ya kama gabansa sai suka manta da ita. Daga Masar al'adar ta bazu zuwa yawancin ƙasashen Larabawa, kuma har yanzu gwamnati tana zaɓen uwa abar koyi daga kowane lardi ta karrama ta.

Mun riski wannan rana ne lokacin da na raka Inna Alƙahira ziyarar Yayanmu, wanda karatu ya kai shi Jami'ar Azhar, daga baya aiki ya riƙe shi a can da iyalinsa. Suna zaune a Hayyul Ashir da ke Madinat Nasr, unguwar da 'yan Afirka suke da yawa, har mutum yakan ji Hausa a bakin titi. A shekarar ranar ta zo gab da azumi, saboda haka masu shaguna suka haɗa kasuwa biyu: a gefe guda fitilun Ramadan a rataye, a ɗaya gefen tukwane da farantai da na'urar markaɗe an ɗaure su da jan ƙyalle. Ni dai wannan kyauta ta tukwane ba ta taɓa kwanta mini ba, don ban ga hikimar gode wa mace a kan wahalar girki ta hanyar ƙara mata kayan girki ba.

Yaran gidan ne suka tayar da maganar, domin a makarantarsu an yi mako guda ana shirin ranar. Kafin Yaya ya amince sai da aka yi muhawara da abokinsa da ya zo gaisuwa, wanda yake kan ra'ayin malaman Saudiyya irin su Shaihu Ibn Baz cewa ware wa uwa rana bidi'a ce, tunda Musulmi idi biyu gare shi, kuma hakkin uwa na kullum ne. Yaya ya kawo fatawar Darul Ifta ta Masar, wadda ta halatta abin a matsayin al'ada ta kyautata wa iyaye, ba ibada ba. Babu wanda ya rinjayi wani, aka sha shayi aka watse.

Amma abin da ya fi wuya a gidanmu ba fatawa ba ce, kunya ce. Yaya ɗan fari ne, kuma tunda nake ban taɓa jin Inna ta kira sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan", alhali furfura ta fara cin gemunsa. Yana ƙarami aka yaye shi aka miƙa wa Goggo, yayar mahaifinmu, a hannunta ya tashi har ya sauke Alƙur'ani. Tsakaninsa da Inna sai gaisuwa a durƙushe da addu'a, ba hira ba raha. Su kuwa maƙwabtansu Misirawa, mun ga ƙato da gashin baki ya rungume tsohuwarsa a bakin ƙofa yana sumbatar hannunta da goshinta, Inna ta ja mayafi ta kawar da kai.

Da rana matar Yaya ta dafa shinkafa da mulukiyya, wadda Inna ta ɗanɗana ta ce ai miyar lalo ce aka hana ta daddawa. Bayan an ci abinci jikoki suka kawo katin da suka zana, ta karɓa da fara'a, ta zolaye su yadda kaka take yi, har ta ce wa ƙaramin angon nata ya cika rowa. Sai Yaya ya matso ya durƙusa, ya ajiye doguwar riga da mayafi a gabanta.

"Inna, ga wannan. Allah Ya saka da alheri, a ci gaba da yafe mana."

Ba ta dube shi ba. Ta ɗan taɓa ledar da yatsa, ta juyo wurina.

"Ke, gaya wa yaron nan Allah Ya yi albarka. Amma ya yi ɓatan kai, mai wannan kaya tana gida. Wadda ta yi goyo da jinya ita ce uwa."

Da farko na ji haushi, na ɗauka kunyar ta yi yawa. Daga baya na ga cewa bikin da aka tsara wa gida mai uwa ɗaya ba zai zauna daidai a gida irin namu ba, inda yaro yake da wadda ta haife shi, da wadda ta riƙe shi, da abokiyar zaman mahaifiyarsa da take ba shi tuwo ranar girkinta, kuma kowaccensu tana lura da wanda ya tuna da ita. Inna ta fi mu sanin abin da zai biyo baya idan labari ya isa gida cewa an yi mata biki an tsallake Goggo.

A daren aka kira Goggo ta WhatsApp, ta yi ta mamakin wace irin salla ce wannan da ba a ga watanta ba. Washegari Yaya ya sauka kasuwar Ataba ya ƙaro riguna biyu, ɗaya ta Inna ɗaya ta abokiyar zamanta, iri ɗaya kala daban don kada a sami abin faɗa. Ta farkon kuwa Inna da kanta ta kai wa Goggo bayan mun dawo.