Daga Dirku zuwa Agadez da mai rauni a jirgin soja

Wanda bai yi aikin asibiti a Kawar ba, wato yankin Dirku da Bilma a arewa maso gabashin Nijar, idan ya ji za a tura mara lafiya babban asibiti, abin da ke zo masa a rai motar asibiti ce da kwalta da tafiyar awa ɗaya ko biyu. Daga Dirku kuwa babban asibiti yana Agadez, tsakaninsu Tenere ce, fiye da kilomita 600 na rairayi. Hilux mai lafiya da direban da ya san hanya kan ci kwana biyu, manyan motoci sun fi haka. Mutumin da ke zubar da jini ta ciki, ko wanda haƙarƙari ya huda masa huhu, da wuya ya kai rijiyar Ashegur da rai. Shi ya sa mu ma'aikatan lafiya na can kunnenmu kullum yana wajen filin jirgi.

Na yi aikin jinya a wurin a shekarun da zinariyar Jado ta tashi. A 2014 aka gano ta, kafin a ankara ƙasar da aka sani da dabino da gishirin Bilma ta cika da baƙi: 'yan Damagaram, 'yan Maraɗi, 'yan Cadi, 'yan Sudan, kowa da na'urarsa ta neman zinariya. Rabonmu a cikin wannan arziki shi ne raunuka. Yau rami ya rufta, gobe mota mai mutum ashirin da wani abu a baya ta kife a kan tudun rairayi.

Irin wannan kifewar ce ta kawo mana wani saurayi ɗan wajen Tasawa bayan la'asar, kwance a kan tabarma a bayan mota, wansa na riƙe da kansa. Cinyar dama ta karye ta kumbura. Amma ba cinyar ce ta tayar mini da hankali ba. Numfashinsa gajere ne, ɓangaren ƙirjinsa na dama ba ya ɗagawa, in ka danna fatar wajen hammata sai ka ji tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa. Iska ce ta tsere daga huhu ta taru a kogon ƙirji tana matse shi. Muka aika bariki, likitan soja ya zo da kayansa, ya yanka tsakanin haƙarƙari ta gefen hammata ya tura bututu. Iska ta fito da huci, jini ya biyo ta, lambar da ke kan 'yar na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ta fara hawa. A daren nan ya ce mini, da sunan da ake kiran babban ma'aikacin jinya a can: “Majo, wannan ba namu ba ne. Gobe akwai jirgi, bari in ga kwamanda.”

Abu na farko da ya kamata sabon ma'aikaci ya sani shi ne jirgin ba dominka yake zuwa ba. Na soja ne, da aikinsa: kawo kaya, canjin sojoji, zagayen iyaka. Mara lafiyarka yana shiga ne ta alfarma, bayan maganar ta bi ta hannun kwamandan bariki ta hau sama an amince. Don haka roƙonka ya zama gajere kuma cikakke. Soja ba ya son tarihin ciwo tun daga kakanni. Yana son ya ji mutum nawa ne, a kwance ko a zaune, nauyinsu da na kayansu, ko akwai tukunyar oksijin, da wanda zai tarbe su a can. Na ga roƙon da ya sha ruwa ba don rashin tausayi ba, sai don mai roƙon ya kasa amsa tambayar nauyi.

Da labarin jirgi ya bazu, kafin isha'i ƙofarmu ta cika. Wannan shi ne ɓangaren aikin da ba a koyarwa a makaranta. Akwai wani dattijo da ciwon hanta ya daɗe yana cinsa, ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa, 'ya'yansa suka zo su uku. Babban ya ce: “Likita, mu 'yan gari ne. Baƙo ya zo jiya ya shiga jirgi, tsohonmu da ya yi wata a kwance a bar shi?” Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma ba ni da amsar da za ta yi masa daɗi. Wurin kwanciya ɗaya aka ba mu. Na zaunar da shi na ce masa, Alhaji, abin da za a yi wa Baba a Agadez kusan shi muke yi masa a nan, sai dai a can zai kwanta cikin baƙi. Yaron nan kuwa akwai aikin da in aka yi masa gobe zai tashi, in ba a yi ba shi ke nan. Bai ce ya yarda ba. Ya dai yi shiru, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, suka tafi. Har yanzu ina ganin kujerar jirgi ta wanda tafiyar za ta canza masa wani abu ce, ba ta wanda ya fi jin jiki ba, ba kuma ta wanda ya fi dangi a gari ba. Faɗar haka a gaban 'ya'yan mutum ne ke da nauyi.

Sauran daren ya tafi a shiri, domin duk abin da ba ka yi a ƙasa ba, ba za ka yi shi a sama ba. Tun ran gini tun ran zane. Jirgin da ke zuwa a lokacin Cessna Caravan ne, daga cikin waɗanda Amurka ta fara ba sojan saman Nijar a 2013: inji ɗaya, ciki ƙunci, mutum ba ya miƙewa tsaye. Ba irin C-130 ba ne da ake daidaita matsin iskar cikinsa. A Caravan duk yadda iskar waje ta yi sauƙi haka ta ciki take. A tsayin mita 3,000 iskar da ke kulle a wani wuri kan buɗe da kusan kashi 40 cikin 100. Lafiyayye kunnensa ne kawai zai toshe. Wanda ke da iska a kogon ƙirji babu mafita, ita za ta kumbura ta danne huhu da zuciya, ya mutu a hannunka kana kallo. Bututun nan shi ne tikitin yaron.

Sai dai kwalbar ruwan da muke jona bututun da ita a ɗaki ba ta tafiya. Dole ta tsaya a miƙe kuma ƙasa da ƙirji, in ta kife ruwa ya koma ciki. Matse bututun da almakashin matsewa kuma ya fi komai haɗari. Likitan sojan ya yanke yatsan safar hannu, ya tsaga bakinsa kaɗan, ya ɗaure a ƙarshen bututun da zare, ya sa cikin jakar fitsari wadda aka bar mata mafitar iska. In yaron ya fitar da numfashi yatsan ya buɗe, in ya ja ya manne. Na daɗe ina kallon wannan ɗan roba yana motsi, domin na san gobe shi zan riƙa kallo maimakon sauraren ƙirji.

Na sa masa allurar ƙarin ruwa biyu, hannu da hannu, na naɗe su da filasta har sai da wan ya tambaya ko lafiya. Ruwan na leda na zaɓa, ba na kwalba ba, saboda rufin jirgin ba shi da tsayin da ruwa zai sauko da kansa. Sai ka naɗa ledar cikin abin awon jini ka hura, ya matso shi, bayan ka fitar da iskar da ke cikin ledar. Robar fitsari, maganin zafi, maganin amai tun kafin a tashi. Cinya muka ɗaure ta da katako daga ƙugu zuwa idon sawu, don karayar wannan ƙashi kaɗai na iya shanye fiye da lita guda na jini a cikin tsoka, girgiza kuma ƙara shi take. Sannan barguna biyu. Mutane sun yi dariya da suka ga bargo a zafin Dirku, amma kowace mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, kuma jinin wanda sanyi ya kama ba ya daskarewa da wuri.

Lissafin oksijin a bayan takardar magani na yi shi. Tukunyarmu mai lita 5 ce, agogonta na nuna 150, wato lita 750 ke ciki. A lita 6 kowane minti, awa biyu da minti biyar ke nan. Tafiyar sama kaɗai kusan awa biyu ce, ban da jira a bakin fili, ban da hanyar asibiti a Agadez. Ba ta isa ba ko kusa. Muka aro ta biyu a bariki, na sa hannu a kanta.

Mai rakiya mutum ɗaya aka yarda. Abokan haƙarsa suka so a tura wani ƙaramin yaro don shi ba ya aiki. Na ƙi. A can ana bukatar wanda zai sa hannu a yi tiyata, ya ba da jini in an nema, ya yanke shawarar kuɗi ba tare da ya jira waya ba. Wan ne ya tafi. Buhun kayansa, da tukunyar gas da wuƙa da ashana, duk sojoji suka ajiye su gefe.

Da sassafe muka fita, saboda matuƙa ba sa son tashi da rana ta take: iska mai zafi ba ta ɗaukar jirgi da nauyi sosai, kuma da hantsi ya wuce sama kan yi gargada. Sojoji suka ɗaure gadon ɗaukar a ƙasan jirgin kamar masu ɗaure kantu a bayan raƙumi. Na samu matuƙin kafin ya kunna inji.

“Kapitan, ƙirjinsa ne. In da hali kada mu yi sama sosai.”

Ya ce ƙasa-ƙasa an fi shan mai, an fi girgiza, kuma akwai tsayin da ba zai sauko ƙasa da shi ba saboda dalilansu na tsaro. “Zan ba ka abin da zan iya, majo. In ka ga abu ya canza, taɓa kafaɗar wancan, zai gaya mini.” Wannan ita ce duk maganar da muka yi, kuma ta wadatar. Matuƙi ba ya sanin abin da ke jikin mara lafiya sai ka faɗa masa, kai ma ba ka san abin da ke gabansa ba.

Da injin ya tashi na gane abin sauraren ƙirjin da ke wuyana ado ne kawai. Ba ka jin komai sai ruri. Awon jini sai da yatsa a kan jijiya, kana kallon allurar agogo. Idona yana kan abu uku: lambar na'urar yatsa, ɗagawar ƙirji, da yatsan robar nan. Muna cikin hawa lambar ta sauko daga 95 zuwa 89. Na bi bututun da hannu daga ƙirji zuwa jaka, sai na tarar ya lanƙwashe a ƙarƙashin ɗamarar da ta zame da girgiza. Na warware shi, na ƙara oksijin zuwa lita 8, na sake lissafi a kaina. A hankali ta koma 93 ta tsaya. Wan yana can ya runtse ido yana jan carbi, ko sau ɗaya bai leƙa taga ba. Ni ma ban ga Tenere ba a wannan tafiya; sai da duwatsun Ayar suka bayyana ta dama na san mun kusa.

A filin jirgin Mano Dayak motar asibiti na jiranmu, domin tun daren jiya an yi waya, kuma na sake tura saƙo kafin mu tashi. Wannan kira na biyu ba ƙari ba ne. Jirgin soja na iya sauka kafin lokaci ko bayansa, in ba wanda ya sani sai ka tsaya a rana da mara lafiya oksijin na ƙarewa, duk saurin da aka yi a sama ya tafi a banza. Takardar da na miƙa wa likitan da ya karɓe shi shafi ɗaya ce: lokacin hatsari, abin da aka yi da lokacinsa, ruwan da ya shiga, jinin da ya fita ta bututu, fitsari. Aka ƙara masa jini a ranar, leda ɗaya daga jikin wansa, daga baya aka yi aikin cinyar.

Jirgi kai ka yake yi, ba ya maido ka. Na nemi wajen kwana a gari, na bi sawun kayana ɗaya bayan ɗaya, don gadon ɗauka da na'urar yatsa in suka shiga babban asibiti sai ka tsaya a kansu kafin su fito, kuma su ke nan gare mu a Dirku. Na kai tukwanen biyu aka cika. Ranar Litinin, da ayarin motocin da sojoji ke rakawa ya tashi, na samu wuri a gaban wata Hilux, tukwanen a naɗe cikin bargunan nan a tsakanin ƙafafuna don kada su yi ta bugun juna har Dirku.