Tarihin Rayuwata, Kashi na Sha Ɗaya: Sambatun Kalangu

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da na bar situdiyon da na shafe shekara shida ina buga fiyano a cikinsa a unguwar Zoo Road da ke Kano, na koma shagon ƙofar gidanmu da kwamfuta ɗaya da lasifika biyu da wani makirfo na hannu. Abin da ban bayyana ba shi ne dalilin barin, kuma ba rigima ba ce, gajiya ce ta kunne. Aikinmu a wancan lokaci shi ne mawaƙi ya zo da baitocinsa, in zaɓo ɗaya daga cikin salon kiɗan da ke ajiye a cikin fiyanon Yamaha, in jera gangunan a manhajar FL Studio, sannan wasu bugu takwas su yi ta zagayowa ba canji har waƙar ta ƙare. A rana guda mukan gama uku ko huɗu. Na kai matsayin da kafin sauti ya fito daga lasifika na riga na ji shi a kaina, kuma makaɗin da kiɗansa ya daina ba shi mamaki yana cikin hatsari ko da aljihunsa a cike yake.

A cikin wannan hali ne na ci karo da labarin Brian Eno, makaɗin nan na Ingila, wanda a shekarar 1978 ya fitar da wani faifai da ya tsara domin zauren jiran jirgin sama. Ya naɗi 'yan gajerun muryoyi a kan zaren tef, ya haɗa bakin kowane zare da ƙarshensa yadda zai riƙa zagayowa, amma ya sa tsawonsu ya bambanta, saboda haka muryoyin ba sa haɗuwa a wuri ɗaya sau biyu sai bayan dogon lokaci. A 1995 kuma ya fara aiki da wata manhaja mai suna Koan, inda makaɗi ke shimfiɗa ƙa'idoji kawai, kwamfuta ta riƙa fitar da kiɗan da kanta, na yau daban da na gobe. Ni dai sunan da na ba wannan abu a littafin da nake rubuta gwaje-gwajena shi ne kiɗa mai haifar da kansa.

Gwajina na farko lissafi ne tsagwaronsa. Na tsara zagaye uku, ɗaya mai bugu 5, ɗaya mai 7, ɗaya mai 11, na sake su tare, kuma da yake babu wata lamba, banda ɗaya, da ke raba biyu daga cikinsu daidai, ba sa komawa inda suka faro sai bayan bugu 385, wato minti uku da 'yan daƙiƙu idan ana yin bugu 120 a minti guda. Da na ƙara na huɗu mai bugu 13 sai zagayen ya kai 5,005, fiye da minti arba'in ke nan ba tare da an maimaita haɗuwa ko ɗaya ba. Daren da na fara jin wannan ban runtsa ba sai da aka kira assalatu. Daga nan na sauko da Pure Data, manhajar kyauta da Miller Puckette ya ƙirƙira, wadda ake haɗa 'yan akwatuna da layuka a cikinta kamar mai jan waya a gida, na koyi yadda ake sa kwamfuta ta yi ƙuri'a kafin kowane bugu, ta zaɓi wanda za ta sake da wanda za ta tsallake.

Sai na ga sautin fiyano bai ishe ni ba, ina son muryar gida. Ƙanin mahaifiyata makaɗin kalangu ne na mahauta, sana'ar da ya gada, kuma tun ina ƙarami nake bin sa bukukuwan 'yan fawa ina riƙe masa kaya. Na roƙe shi ya zo shagon, na sa shi ya riƙa buga kalangun sau ɗaya-ɗaya, kowane bugu da irin matsar da ya yi wa igiyoyin a hammatarsa, daga sako-sako har zuwa inda fatar ke ƙara kamar za ta tsage. Na sami murya biyar, na yanka su, na zuba wa kwamfuta, na ba ta izinin ta jera su yadda ƙuri'a ta faɗa. A kunnena abin ya yi kyau ƙwarai, har na kwana biyu ina sauraro kafin in aika a kira shi.

Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na kunna. Bai yi minti ɗaya yana ji ba ya ɗaga hannu.

"Ɗana, wane ne wannan yake ta sambatu haka?"

Na ce, "Kawu, ai kalangunka ne, wanda muka naɗa rannan."

Ya ce, "Fatar tawa ce, na gane ta. Amma tun da nake ban taɓa buga abin da ba magana ba, wannan kuwa kamar mai zazzaɓi ne, yana ta buɗe baki ba ya cewa komai."

Daga nan ya jawo kalangunsa, wanda ba ya rabuwa da shi, ya matse ya buga sannan ya saki ya buga, ya tambaye ni me ya ce. Na yi shiru. Ya ce wuya ke nan, wanda ake rataya laya. Sai ya juya, ya fara da saki ya ƙare da matsa, ya ce wannan kuma wuya ce, wadda ake sha. Na san wannan bambanci a bakina tun ina yaro, kamar kowane Bahaushe, amma ban taɓa tsayawa na ga cewa shi ne ginshiƙin kiɗan da na tashi ina ji ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa ko dai ta hau ko ta sauka ko ta faɗo daga sama zuwa ƙasa, kuma wata gaɓar doguwa ce wata gajera; kalangu waɗannan abubuwa biyu yake ɗauka ya bar baƙaƙe da wasula, mai sauraro ya cike sauran da kansa. Ya kuma nuna mini cewa magana gangarowa take yi, hawan da ke ƙarshen jimla ba ya kai na farkonta tsayi, abin da kwamfutata ba ta da labarinsa. Faɗuwar sauti kuwa yana yin ta ne da sakin hammata bayan sanda ya riga ya sauka, ni kuma da na yanka bugun ɗaya-ɗaya na yanke wannan duka.

Saboda haka muka sake aikin daga tushe. Cikin mako uku, duk ranar da ba shi da biki, yakan zo ya buga cikakkun jimloli, ni kuma in rubuta maganar kowacce a littafi kafin in naɗa, har muka tara arba'in. Na canza ƙa'idar gaba ɗaya: kwamfuta ba ta da ikon taɓa cikin jimla, ikonta shi ne zaɓen wadda za ta biyo baya, da tsawon shirun da ke tsakani, yayin da zagayen nan huɗu ke tafiya a ƙarƙashi kamar ƙananan ganguna masu riƙe wa babba hanya. Ina ganin har yau wannan ne gyara mafi muhimmanci da na taɓa yi a aikina, domin shi ya nuna mini inda ya kamata a bar wa ƙuri'a wuri da inda bai kamata ba.

Ranar da ya zo jin sabon, ya saurara kusan minti goma yana gyaɗa kai, har na fara murna. Can sai kwamfuta ta sako wata jimla, na ga fuskarsa ta canza, ya ce in tsayar. Taken wani abokinsa ne, babban mahauci, wanda ya rasu shekaru da dama, Kawu ya buga mini shi ne a cikin arba'in ɗin ba tare da ya yi tunanin inda zai faɗa ba, ga shi kuma ya fito a bayan wata jimlar wasa da ake zolayar 'yan mata da ita a dandali. Ya ce take yana da mai shi, ana buga shi ne idan mutumin ko zuriyarsa suna wurin, su ji tsikar jikinsu ta tashi su miƙe, ba abin da za a bar wa na'ura ta kira lokacin da ta ga dama ba ne. Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu, yanzu zan cire." Muka buɗe littafin muka bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mini wadda ta kowa ce da wadda take da mai ita, kafin magariba mun fitar da tara. Da talatin da ɗayan da suka rage na je wurin wani mai shirya fim, kuma daga nan zan ɗauko a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.